Ƙofar da Muka Huda

A Shandi, tsakanin katangar Inna da ta Gwaggo
akwai 'yar ƙofa, sai an sunkuya.
Ta nan gishiri ke wucewa,
da garwashi, da labarin wanda ya rasu.

Yau ga ni a Omdurman, hawa na uku,
makulli biyu, sakata ɗaya.
Gwaggo na Alƙahira tana jinyar gwiwa,
Yaya Mahasin na Jidda,
muryarta kan tsinke a tsakiyar "ya jiki".

Daren da naƙuda ta kama ni
maigida na can ramin zinare.
Wa ya zo?
Koshe, mai shayin bakin titi,
'yar duwatsun Nuba,
wadda ban taɓa tambayar sunan ubanta ba.
Ta bar buta a wuta, ta taro mota,
ta riƙe hannuna har assalatu.
Kwana arba'in kisrarta nake ci.

Ran Talata mu tara ke zubin adashi.
Awadiya ke riƙe da littafi,
gahawa na tafasa da citta,
kowa ta sauke abin da ba ta faɗa wa dangi.
Kwasar jiya Ikhlas aka ba,
ba layinta ba ne, haya ce ta taso.
Ba wadda ta ce uffan.

Inna ta kira, ta ce,
"Wa kike da shi a garin nan?"
Na dubi bangon siminti, ko tsaga babu.
Na ce, "Inna, mun huda."