Kuɗin Harsashi Ɗaya

Bara waccan, dala hamsin
nake ajiye wa Tsahiru a bakin tebur,
ya miƙo mini harsashi ja mai gindin tagulla,
in jefa aljihu kamar goro.
Bara ya ce dala ɗari da ashirin.
Bana ko kallona bai yi ba:
"Jika biyu, Mushe, da takardar jandarma,
kuma ban ce akwai ba."

Jika biyu!
Zabuwar Babban Rafi ba ta kai haka ba,
ko an haɗa da ƙwanta da zanen bayanta.
Balle dajin ya yi sababbin masu shi,
waɗanda ba sa tayi, ba sa neman ragi,
da buhu suke saye kamar gero da kaka.
Mai buhu kuwa shi ke yanka wa mai tiya farashi.

Na shafe bindigar da man gyaɗa,
na naɗe ta da tsohon zanen Kuluwa,
na tura ƙarƙashin gado
kusa da takalman da na bar aji da su.

Murja jikata ta koya mini wata farautar.
"Kaka, taɓa nan.
A hankali mana, ba kunamar bindiga ba ce."
Sai ga kasuwa a tafin hannuna:
wani yaro a Yamai, wata mata a Kano,
sun baje tsofaffin littattafai a tabarma sun ɗau hoto,
wani ba bango,
wani gara ta riga ni karanta gefensa.

Yanzu bayan isha'i nake kwanto,
tabarau a hanci, sauro a kunne.
In na hango, ba na rawar jiki.
In taya, in yi shiru, in bar shi ya matso.
Ranar Laraba in je tasha,
yaron mota ya jeho mini kwali mai warin gazuwal.
Kuluwa ta ɗaga ta auna da hannu:
"Wannan naman naka dai ba ya shiga miya."

Kowane da sawun mai shi.
Ɗigon shayi. Lissafin bashin siminti.
Wani ya ja layi ƙarƙashin kalmar kewa
har alƙalami ya huda takarda.

Sai na makon jiya,
littafin sanin ƙasa, mai taswirar tafkin Madarunfa.
Hatimin wata lakwal ta bakin iyaka,
ƙarƙashinsa rubutun da na sani tun muna benci ɗaya:
Hankurau Jadi.
Lakwal ɗin da aka rufe damina uku ke nan,
tun daren da babura suka shiga garin ba fitila.
A tsakiya ya ninke takardar kiran suna,
yara arba'in da ɗaya,
jan biro ya bi su Litinin, ya bi su Talata,
daga nan fari fat.

Na duba abin da na biya.
Jika biyu cif.

Na kira yaron, na ce ina ka samo?
"A buhu suka zo, Baba. Da kilo na saya."
Na ce ɗaure bakin buhun, kar ka sayar wa kowa.

Kuluwa ta ce, da me za ka biya?
Idonta ya sauka ƙarƙashin gado.
Tsahiru zai saya yau, na sani, har da godiya.
Wanda zai sayar wa ne ban sani ba.

Da safe na tura keken nan nawa Babbar Kasuwa.
Na dawo a ƙasa ta bakin gulbi,
zabi na ta kuka cikin lambun mangwaro,
ina tafe ina kiran sunayen,
ina barin ɗan fili bayan kowane.