Bindigar Jatau

A Darazo na saye ta, hannun ɗan marigayi Jatau,
buhun gero biyu da ɗan akuya.
Ya ce, "Tana ɗan karkata hagu."
Tsagar kota, wadda aka naɗe da fatar wutsiyar sa,
bai ambata ba.

Sambo maƙeri ya leƙa bakinta
kamar mai duba haƙoran rago,
ya ce tsatsa ta ci, amma ba ta ƙoshi ba.

Duk Juma'a bayan la'asar
tsumma da man keke,
in goge, in hura, in rataye.
Damina uku birai na cin masarata,
sau ɗaya ta yi magana, kafaɗata ta yi mako tana amsawa.

Akwai gurbi a kotar, inda yatsan Jatau ya cinye itace.
Nawa bai cika shi ba.