Shaidar Tsando

Tarkon ƙyalle muka kafa a bakin gulbi,
ƙasan Illo, inda shanu ke tsoma baki,
shuɗi da baƙi, launin da tsando ba ya iya wucewa.
Kwana uku. Da muka koma,
arba'in da bakwai na ta bugun raga
kamar shaidun da alƙali ya hana fita.

Arɗo Giɗe ya leƙa, ya ja tsaki:
"Wannan da bai kai ƙwayar wake ba
shi za ku ɗauka a mota har Birnin Kebbi,
karsanata kuwa na kwance, ido na zubar ruwa?"
Ban ba shi amsa ba. Ba ni da ita tukuna.

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.
Tsando ma ya san haka:
jinin wa ya sha, me ya kwaso, wa ya kai wa,
duk ya haɗiye ya yi gum.

To, ni tonon asiri ne sana'ata.
Na sa safar hannu, na daka kowanne a 'yar kwalbarsa,
dakan da maƙwabta ba sa jin lugudensa.
Na tace, na wanke, na sake tacewa,
har ya saura ɗigon da ido zai rantse ruwa ne.
Can ciki rubutun halitta yake,
da sa hannun ƙwayar sammore, in ta bi ta nan.

Na'ura ta karɓa. Zafi, sanyi, zafi,
sau talatin da biyar,
tana kwafar layi guda kamar ɗalibin da aka sa horo,
har raɗa ta zama shela.
Sau biyu wuta na ɗaukewa. Sau biyu Lantana
na rugawa ta ja igiyar janareta,
addu'a a baki, haƙora a cije.

Bayan la'asar muka kashe fitilar ɗaki.
Ƙarƙashin shuɗin haske layuka suka bayyana:
shida cikin arba'in da bakwai,
biyar daga mashaya guda, ta gindin kanya.

Na kira Arɗo, waya na yankewa.
"Kada ka kai su mashayar kanya. Zaga ta gabas."
Ya yi shiru. Ina jin kukan maruƙa a bayansa.
"Karsanar ta mutu jiya," in ji shi.
Can kuma:
"Gabas ka ce?"