Baƙo da Tsagarsa

A shagona, bayan Kasuwar Dole,
inda nake buga wa mutane takardun neman aiki,
akwai tsohuwar na'urar buga takarda
da na saya hannun wani direban Agadas.
Shekara biyu tana ƙarƙashin tebur, gizo-gizo na haya a cikinta.
Faifan da ke fassara bakinta ya ɓata,
kwamfutata kuwa ba ta gaisawa da wanda bai zo da shaida ba.

Ran Laraba Tsahiru ɗan ƙanwata ya zo,
ya zuba mini Linux daga wani ɗan abu kamar ƙwallon dabino.
Ya ce, "Inna Zuwaira, wannan na kowa ne,
kamar rijiyar bakin hanya."
Na ce, a Damagaram kada ka yi mini wasa da zancen ruwa.

Na kakkaɓe yana, na cusa igiya.
Wallahi hannuna yana kan kofin shayi
ta yi tari, ta yi miƙa,
sunanta ya fito a allo, cikakke.

Sai na tuna kakata a zaurenmu na Birni.
Baƙo bai gama sallama ba ta karanta kuncinsa:
"Tsagar Barebari ce, ku kira Gaji ta yi masa magana."
Tsahiru ya ce ai haka abin yake:
kowace na'ura da lamba biyu take shigowa,
ɗaya ta gidan da ya ƙera ta, ɗaya tata,
a duba kundi, a tada tafintan da ya san yarenta.

To wa ya rubuta kundin?
Mutanen da ba su taɓa ganin duwatsun garin nan ba.
Wani can ya hana idonsa barci
saboda tsohuwa irin tawa,
bai aiko a biya shi ko dala ba.

Ɗan katin da ke kamo intanet ne ya ƙi.
Masu shi sun ɗaure masa baki tun daga gida.
Yana nan zaune, baƙon da aka shimfiɗa wa tabarma
ba a san abin da yake ci ba.
Tsahiru ya kwafe lambarsa a bayan rasit,
ya ce zai aika musu su sa a kundi.

Kafin la'asar na buga takarda goma sha ɗaya.
Ta sha biyu tana rabi wuta ta ɗauke.
Ita kam, har yau ba a haifi tafintanta ba.