Jitar Kakana Orval

A wannan kwari namu na West Virginia,
inda tsauni ke haɗiye rana tun ƙarfe huɗu ba ta yi ba,
kakana Orval ya tafi ya bar mini abu uku:
fitilar hularsa ta ramin kwal,
bashin kantin magani,
da jita mai ƙaton ciki wadda ta fi ni faɗin ƙirji.

Ni 'yar firit ce, kowa ya sani.
In na ɗora ta a cinya sai in ɓace a bayanta,
kai kaɗai ke leƙowa,
hannun dama na reto a kan ƙugunta
kamar mai son ya rungumi saniya.
Minti ashirin, kafaɗa ta fara ƙorafi.
Minti arba'in, ƙorafi ya koma zagi.

Mai kantin kayan kiɗa a Beckley,
wani Wendell mai tabarau a goshi,
ya auna ni da ido, ya auna ta,
ya ce, "Junie, wannan ba sa'arki ba ce.
Ga ƙarama, mai siririn ƙugu,
za ta kwanta miki kamar kyanwa."
Na karɓa, na kaɗa. Ba laifi.
Murya tas, kamar cokali a bakin kofi.
Na taɓa tsirkiya mai kaurin nan, na saurara.
Abin da nake jira bai zo ba.
Na miƙa masa, na yi godiya.

Wendell bai san wannan ba:
shekara talatin da ɗaya injin haƙa ya yi
yana cin kunnen kakana kaɗan-kaɗan,
har ranar da ya ga bakin kare na motsi
bai ji haushi ba.
Yatsunsa ma suka ƙage.
Sai ya koya mini kiɗa da ido da zungurin gwiwa,
ina 'yar shekara tara, ƙafata ba ta kai ƙasa.

Da yamma, a baranda,
yakan jawo kujera har ta gogi tawa,
ya sunkuya, ya ɗora muƙamuƙinsa a kafaɗar jitar,
ya rufe ido, ya ɗaga yatsa ɗaya.
In saki mai kaurin.
Dummm.
Katako ya ɗauka, ya juya shi a cikinsa
kamar rijiya tana juya guga,
ya hau ta ƙashi, ya kewaye kunnen da ya mutu,
ya shiga ta ƙofar baya.
Sai in ga gashin girarsa ya motsa.
"Ga ta nan," yake cewa, da ƙarfi, irin na kurame,
har kajin Velma su watse.

Ƙaramar jita magana take yi da kunne.
Wannan da haƙarƙari take magana.

Har yau akwai wurin:
ɗan da'ira inda fenti ya dushe,
gemun kwana uku ya goge shi shekara shida.
Ba na sa masa mai. Ba na bari a taɓa.

Daren jiya ƙanƙara ta rufe hanya,
wuta ta ɗauke, murhu na ta tsaki.
Na ɗauko ta, na ɓace a bayanta.
Bayanta ya yi ɗumi a cikina
kamar burodin da bai daɗe da fita ba.
Na saki mai kaurin, gilashin taga ya amsa,
na sake, ya sake.
Sai na lanƙwasa wuya, yadda ba a koyar da kowa,
na sa muƙamuƙina a da'irar nan,
na toshe kunne ɗaya da kafaɗa.

Da safe wuyana ya ƙi juyawa hagu.
Na dafa ruwa, na gasa shi da tawul,
ina kallon ta jingine da bango,
ta cinye rabin ɗakin, ko a jikinta.