Daƙiƙa Goma

A Sheffield, hawa na uku,
ɗakin da tagarsa ke kallon layin dogo,
aka zaunar da Mudassir gaban na'urar hoton ƙashi.
Shekararsa arba'in da huɗu, gemu ya fara furfura.
A takarda sun rubuta galahanga.
Mu a gida Yaya muke cewa.

Takardar yarda mai hotuna ce, ya bi ta da yatsa,
ya sa hannu da kansa: harafi huɗu, na ƙarshe a kwance.

Suka shafa wa biskit wani farin ƙulli kamar alli,
suka ce ya tauna.
A allo na ga muƙamuƙin ɗan'uwana, inuwa cikin inuwa,
harshe na tura loma
kamar mai tura baro a kan tudu.
Da ruwa ya iso mararraba
sai ɗigo biyu suka saki hanya, suka bi ta iska.
Bai yi tari ba. Ko gezau.
Malama Carys ta tsayar da hoton, ta nuna da bakin biro
ɓarawon da ke shiga bai taɓa ƙyaure ba.
Na tuna hunturu uku, ciwon huhu uku,
da yadda muka yi ta ɗora wa sanyin Ingila laifi.

Bayan azahar aka koma kan magana.
Ka ce pa. Ka ce ta. Ka ce ka.
Ya faɗa, yana dariyar wannan aikin banza.
Sannan ta tambaye shi me ya fi ba shi wuya.
Leɓensa ya kama harafin farko ya riƙe,
ni kuwa bakina har ya buɗe,
don tun rasuwar Umma ni ne tafinta.
Ta ɗaga mini hannu, ba ta ko dube ni ba.

Ɗaya. Biyu.
Jirgi ya wuce, gilashi ya yi rawa.
Shida. Bakwai.
Ban san shiru na da nauyi haka ba.

A ta goma ya ce, a hankali, kowace gaɓa da guminta:
"Ƙanena yana cinye mini magana."

Ta rubuta. Na ga ta rubuta.
Ya zama lamba ashirin da bakwai cikin bincikensu,
ni ko lamba ban samu ba, sai kunya.

Yanzu da safe ina zuba garin kauri cikin shayinsa,
cokali ɗaya da rabi, in juya har ya kama jiki.
Jiya ya kurɓa, ya sunkuyar da haɓa yadda aka koya masa,
ya haɗiye, ya dube ni.
Na riƙe harshena. Na ƙirga.
Ya ce, "Kunu ne. Sai dai ba tsamiya."