Yatsu Biyu a Ancud

Talata, ƙarfe huɗu, ruwa na dukan kwanon asibiti.
Eusebio Cárcamo ya zauna, hular ulu a kan gwiwa,
hannuwansa na warin gishiri da man jirgi.
Shekara uku ke nan barci bai ɗauke shi ba sai da fitila a kunne.

Likita Ximena ba ta nemi labari daga tushe ba.
Ta ce, "Kawo mini hoto ɗaya, wanda ya fi ci maka rai."
Ya ce, "Takalmin roba. Rawaya.
Yana juyi a kan teku, babu ƙafa a ciki."
"A ina kake jin sa?"
Ya dafa maƙoshi, inda ƙashin kifin ya tsaya tun daren.
"Daga sifili zuwa goma?"
Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
"Goma ta yi kaɗan."

Sai ta ɗaga yatsu biyu.
Hagu, dama. Hagu, dama.
Kai a tsaye, ido kaɗai ke tafiya.

Hagu, igiyar ruwa ta miƙe tsawon coci.
Dama, labulen taga, shuɗi, ɗinkin hannu.
Hagu, Rigoberto na kira, iska ta kwashe muryar.
Dama, agogon bango ya ce huɗu da kwata.
Ƙafa ɗaya a cikin jirgi,
ɗaya a kan daɓen ɗaki busasshe.

"Ja numfashi. Me ya zo?"
"Ni na ce mu fita.
Ya ce sama ba ta yi masa ba,
na ce bashi ba ya jiran sama."
"Bi shi a haka."

A bakin tasha abokai suka sa shi gaba:
gardi kamarka, ka je kana kallon yatsun mace?
Bai tanka ba. Shi ma ya tambaye ta yadda abin ke aiki,
ta ce masana na gardama har gobe,
ita dai ta ga masu shiga a sunkuye suna fita da wuya a miƙe,
ba duka ba, wasu.

Mako na uku bai zo ba.
Ya kwana a zaune, teku na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.
Herminda ta dafa shayi sau biyu, sau biyu ya huce.

Mako na huɗu, ana cikin hagu da dama,
sai ya tsaya yana duban tafinsa.
Tabon igiya, fari, daga babban yatsa zuwa wuyan hannu.
Kullum yana ganinsa, bai taɓa karanta shi ba.
"Na riƙe shi," ya ce.
"Na riƙe shi har nama ya tsage.
Ban sake shi ba. Ƙwace shi aka yi."
Kukan da ya yi shekara uku a bakin ƙofa ya shigo,
ta miƙa masa ruwa, ba ta ce komai ba.

Daga nan wasu hotuna suka samu hanya:
Rigoberto ɗan shekara tara,
yana satar dankali mai zafi daga ramin gashi,
yana jifansa daga hannu zuwa hannu,
hagu, dama, yana dariya da giɓinsa.

Har yau bai koma teku ba, raga yake ɗinki a gaɓa.
Jiya ya ga takalmi rawaya an kife a kan turke yana shan iska.
Ya tsaya. Ya duba.
Takalmi ne, na wani, da faci a diddige.

Talatar ƙarshe ta sake tambaya, "Yanzu nawa?"
"Biyu."
"Mu ƙara zagaye, ko ta sauka?"
Ya sa hularsa.
"A'a, likita. Bar mini biyun nan.
Ƙanena ne."